Ranar da Anka Sabunta Kuɗin Kwata

Ajiye shebur ɗin nan tukuna, kai mai jar hula. Ba a fara kwata da shebur. Ku huɗun duka ku matso ku zauna bakin kwalbatin ga. Ku daina toshe hanci, wari ba ya kisa. Da shina kisa, da an ci gumbar sadakata tun kuna goye. Na ji ku jiya wurin mai kunu kuna cewa aikin Labbo ai ba aiki ba ne, a kwashe a zubar, wata ya ƙare a miƙa hannu. To madalla. Tunda ƙungiyar 'yan kasuwa ta ɗauke ku ta haɗa ku da ni, za ni gaya muku yadda aikin shike da inda kuɗin da kuke hange ke fitowa. Wanda ya ji ba shi iyawa, ga hanya nan, tashar kabu-kabu ba ta cika ba.

Da fari ku cire wa ranku cewa gwamnati ke biyanmu. Masu rumfunan tsakiyar kasuwa ne, daga layin 'yan hatsi zuwa mahauta, daga tashar kabu-kabu zuwa 'yan tireda, sunka ɗora wa kansu wani abu duk wata, ban da abin da hukuma ke amsa. Shi ake kira kuɗin kwata. Da shi ake biyan masu yasa da masu shara, a cika randunan masallacin kasuwa, a sai baro in ya mutu. Wanda rumfatai ke wajen wannan da'ira ba ya biya, mu ma ba mu taka layinai. Kuma ba a yi shi na har abada ba. Shekara uku-uku ake sabuntawa, bayan kaka, kafin ruwa shi faɗi. In masu rumfa sun ce sun yarda, a ci gaba. In sun ce a'a, ranar nan ni da ku kowa shi nemi wata sana'a.

Ni ban shigo aikin ga ina yaro ba. Da gemuna na zo daga Tsamaye, da mata da ɗiya biyu, shekarar da gero ya ƙi. Na taɓa dako na 'yan kwanaki, bayana ya ce bai yarda ba. Wani ya nuna mini Baba Nomau, Allah shi jiƙan shi, shi ke riƙe da kwatocin kasuwa lokacin. Tsoho ne gajere mai ƙafafu awa taɓarya, wanda in ya yi maka magana goma a yini, to ranar shina cikin fara'a. Na ce ina son aiki. Ya dubi hannuwana, ya dubi takalmina, ya miƙo mini wata doguwar gora.

Na ce, "Baba, shebur fa?"

Ya ce, "Ka san inda za ka sa shi?"

Sati biyu ina bin shi da gorar nan ban kwashi ko ludayi ɗaya na laka ba.

Ranar farko can ƙarshe ya kai ni, bayan mahauta, inda kwata ke zubewa ta nufi gulbi. Daga nan ake farawa a yi sama. Wanda ya fara daga kai, ruwan da ya saki za shi biyo shi shi cika mishi inda bai buɗe ba, shi yini shina iyo cikin ƙazanta. Ka soka gora ka saurara da hannunka. Yashi shina amsar ta a hankali. Leda tana lotsawa ta turo ta baya. In ta yi ƙwas, kwalba ce, ka janye ƙafarka. In ta shige suɓul kuma wari ya canza, mushe ne, ka nemo ƙugiya da buhu. Kayan aikinmu ke nan kaf: gora, ƙugiyar rodi da maƙeri ya lanƙwasa, manjagara, diga, shebur, baro. Takalmin roba da safar hannu daga baya sunka zo. Safar nan ni har yau ban yarda da ita ba, tana hana ni jin abin da na taɓa.

Kowane layi da irin cutar da shike sa wa kwata. Na mahauta kitse ne da kayan tumbi, in sun kwana biyu su daskare awa sabulun salo, sai da diga. Na 'yan hatsi ƙaiƙayi ne, ka gan shi ba nauyi, amma da ya sha ruwa shi kumbura shi rufe hanya ruf. Teloli ƙyalle suke zubarwa, shi kuwa ƙyalle duk abin da ya samu sai ya nannaɗe. Masu gyaran babur baƙin mai, wanda in ya taɓa maka ƙafa sai ka yi kwana uku kana dirza. Amma duk ba su kai leda ba. Baba Nomau ya ce a zamaninai ganye ake ƙunshe kaya da shi, in ya faɗa kwata shi ruɓe shi ba ka hanya. Leda ba ta ruɓewa. Wadda na ciro bara ma, wallahi da an wanke ta sai a sake ƙulla gishiri.

Kwalbatin ga da kuke zaune a kai, na taɓa shiga cikinai rub da ciki. Ƙarshen sati biyun nan ne. Munka soka gora ta nan, munka soka ta can, ba ta haɗuwa. Baba Nomau ya ɗaura mini igiya a ƙafa, ya ce in na ji numfashi ya ƙi in buga rodi sau uku shi ja. Na shiga ina jan jiki, laka har haɓa, ƙugiya gaba. Abin da ya toshe ashe tsohuwar katifa ce wani bawan Allah ya naɗe ya cusa, ta sha ruwa ta yi nauyin jaki. Na saƙale ta na buga rodi. Baba ya ja ni, ni na ja katifa, ruwan wata biyu ya biyo mu gaba ɗaya. Da na fito mutane sunka taru suna dariya, mai katifar kuwa na tabbata shina cikinsu. Baba bai yi dariya ba. Ya zuba mini ruwa a kai ya ce, "Gobe ka ɗauki shebur."

Masu rumfa kuma sai kun koyi zama da su, don su ne iyayen gidanku. Akwai wanda don ya biya kuɗin kwata gani shike ya saye ka da iyalinka, shi aike ka sayen goro kana tsakiyar aiki. Akwai wanda za shi tsaya sai ka gama yasa tas, sannan shi juye maka kwandon shara kana kallo. Kada ku tanka. Lakar da kunka fid da kuma ba a ɗaukar ta ɗanya, baro za ta karya muku. A bar ta bakin kwata ta sha iska kwana ɗaya. Amma kada ku kuskura ku tara ta jajibirin kasuwa gaban rumfar mai abinci, zagin da za ku sha ko kakanninku sai sun ji. Akwai kuma na kirki. Mamman mai shayi, mutumin Gatawa, teburinai na nan kusurwar 'yan tireda. Tun farkon zuwana, duk safiya in na zo wucewa sai shi ce, "Sarkin ƙamshi, wanke hannu ka zo." Shi zuba mini shayi shi yanko burodi, in na sa hannu aljihu shi ce, "Kuɗinka wari suke, riƙe abinka." Shekara ashirin muna haka.

Wani abu da aikin ga ke koya wa mutum ko bai so ba shi ne sanin sirrin mutane. Mai rumfa na iya ɓoye cinikinai ga maƙwabci, amma shara sai ya zubar. In kwali ya daina fitowa daga wata rumfa, ka ba ta wata uku za ka ga an sa kwaɗo. In igiyar buhu ta yi yawa, kaya sun sauka. Baba Nomau ya san wanda za shi karye tun kafin shi kanai ya sani, amma ban taɓa jin ya furta ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. In na gano abu sai ya riƙa yi mini ƙaiƙayi a harshe.

Bayan rasuwar Baba an taɓa barin kuɗin kwata sunka mutu. Rigima ce ta shiga tsakanin 'yan hatsi da mahauta kan wa ya fi ɓata kwata, kowa ya ce ba shi biya wa wani. Anka sallame mu, na koma ƙwadago a fadama. Ruwan farko mai ƙarfi da ya sauka, kwata ta ce ga kayanku. Ruwa ya shiga layin hatsi har gwiwa. Gero ya tsira cikin buhu, gishiri da sukari sunka narke sunka bi gari, wani mai atamfa ya zauna bisa benci shina kuka da hawaye. Bayan kwana biyu anka aiko nemana har fadama. Tun daga nan sabuntawa ba ta sake wahala ba. Shugaban ƙungiya shi tara shugabannin layi, shi ce, "Kun yarda?" su ce, "Mun yarda," a raba goro a shafa fatiha. Ba takarda, ba alƙalami.

Sai shekarun ga da mutanen daji sunka rufe mu. Wannan ba sai na ba ku labari ba, wasunku da ƙafa kunka shigo garin ga daga ƙauyukanku. Mutane sunka ƙaru, shara ta ƙaru, ciniki ya ragu. Abin da ya fi lalacewa kuwa shi ne yarda. In an ɗauke mutum a hanyar Isa, tambayar farko ita ce wa ya faɗi shina tafe da kuɗi. Kowa na duban kowa. Kalmar haraji kuma ta tashi daga ma'anar da munka sani. In ka ji ɗan Gatawa ko ɗan Tsamaye ya ce an sa musu haraji, ba hukuma shike nufi ba. Abin da 'yan daji ke yanka wa gari ne kafin a bari a yi shuka ko a ɗebe amfani.

Cikin wannan hali wa'adin kuɗin kwata ya cika. Ƙungiya ta yi sabon sakatare, Malam Nasiru, ɗan wani mai tireda ne da ya yi karatu Sakkwato. Mutumin kirki, ban taɓa kama shi da kwabon kowa ba. Shi ya ga rashin adalci ne a ce mai ɗanwake da wanda ke sauke kamyo, babbar motar kaya, daga Maraɗi su biya daidai. Gaskiya ya gani. Sai ya bugo takarda, ya rubuta a samanta da manyan baƙaƙe, Sabunta Haraji na Musamman. Ƙasa kuma ga gurbin suna, ga na lambar waya, ga na irin kaya, ga na ƙarfin jari, ga inda za ka dangwala yatsa. Ya ce, "Baba Labbo, kai ka san layukan, ka raka ni." Ni da ban iya karatun boko ba, na wanke ƙafa na bi shi.

Rumfar farko ta wani mai hatsi ce. Malam Nasiru ya karanta mishi. Mutumin ya ajiye mudu ya ce, "Sake faɗin na saman."

"Haraji na musamman."

"Na wa?"

"Namu ne, Alhaji, na kwata."

"To shi ƙarfin jarin, kwata ce ke tambaya? Takardar ga ina za ta kwana? Wa ke da mabuɗin wurin?"

Malam Nasiru ya fara bayanin adalci. Mai hatsi ya ce, "Malam, suna da lamba da abin da na mallaka, takarda guda. Ai ka gama wa masu ɗaukar mutane aiki, saura su zo da babur." Ya ɗauki mudunai ya juya mana baya.

Haka munka yini. Sani, wani ɗan Maraɗi mai taliya da sabulu, su da ke ce wa haraji lanho, ya ce, "Lanho kuma? Can in biya, hanya in biya, nan ma a rubuta ni?" Ko Mamman da munka isa teburinai bai bari Malam ya buɗe baki ba. Ya ce, "Labbo, in shayi ne zauna. In takarda ce wuce." Kwana biyu, yatsun da munka samu ba su cika hannu biyu ba, su ma na dangin Malam Nasiru ne. Kafin sati magana ta zaga kasuwa cewa takardar nan daji za ta. Wasu sunka ce an ga wanda ya ɗauki hotonta da waya. Wa ya gani? Babu wanda ya sani, amma kowa ya ji.

Wa'adi ya wuce, biya ya tsaya. Masu shara biyu sunka ajiye tsintsiya. Ni na ci gaba da fitowa, don hadari ya fara haɗuwa gabas da la'asar, kuma na san abin da ke cikin kwalbatin mahauta. Tsoro na ji ƙwarai. Na tsufa da ƙwadagon fadama, fadamar ma ba ta shiguwa.

Shugaban ƙungiya, Alhaji Isiya, ya kira taro bayan azahar a rumfar 'yan hatsi. Wannan karon ba shugabannin layi kaɗai ba, duk mai rumfa ya zo, har waje anka tsaya. Malam Nasiru ya tashi shi yi bayani, bawan Allah, cikin magana biyar ya ambaci haraji sau uku. Wuri ya ɗauki gunaguni. Wani daga baya ya ce, "A bar shi shi mutu! Gara ruwa shi ci gero da a ci mai geron." Na ga kawuna na gyaɗawa. Na ga abincina na tafiya ina kallo. Ban san lokacin da na miƙe ba.

Na ce, "Alhaji, a ba ni dama."

Ya ce, "Labbo, faɗi."

Na ce, "Jama'a, ni ban yi boko ba. Amma abin ga sunanai kuɗin kwata tun ina bin Baba Nomau da gora. Wa ya raɗa mishi haraji? A mai da mishi sunanai. Takarda kuma a yage ta gaban kowa. Kun manta shekarar da gero ya tsira cikin buhu?"

Wuri ya amsa, "Haka ne! Gaskiya ne!" Da na zauna a nan, da shi ke nan. Amma mutum ne da ya shekara ashirin ana toshe mishi hanci, yau ga manyan alhazai na ce mishi haka ne. Kaina ya kumbura. Na ga bari in ƙara musu hujja, in nuna musu sirrinsu ba a takarda shike ba, kuma bai taɓa fita ba.

Na ce, "Wai ma mi takarda za ta faɗa wanda ni ban sani ba? Ni da ke cikin kwatarku kullum? Na san telan da ya samu ɗinkin 'yan makaranta bana, shuɗin ƙyalle ya cika mini ƙugiya." Anka yi dariya, telan ma ya yi. "Na san mahaucin da ke yanka akuya shina rantsuwa rago ne." Dariya har da tafi. "Na san wanda ya sauke kamyo biyu cikin wata guda shina kukan babu ciniki." Nan dariya ta ragu, Sani ɗan Maraɗi ya sunkuyar da kai, amma ni ban lura ba, na riga na hau. Idona ya faɗa kan Mamman shina zaune bakin buhu. Na ce bari in tsokani abokina a tashi da raha. "Kai ko Mamman da ke can, kullum 'Labbo babu kasuwa', ledar burodinai ta ninka uku tun bara, bencinai kuwa mutum biyar ɗin nan ne da na sani! Duk na san wannan, wa na taɓa gaya wa?"

Babu wanda ya yi dariya.

Ku kun san abin da ni na manta a lokacin. Abu uku ake kai wa daji daga gari: mai, katin waya, da burodi. Wani dattijo daga layin tireda ya ce a hankali, ba da ni shike ba, ba da kowa ba, "Mai sayen burodi da ledatai shike tafiya. In leda ta tsaya nan, burodin a buhu ya tafi." Wani ya ce, "To wa ke ci?" Mamman bai ɗaga kai ba.

Alhaji Isiya ya ga inda abin ya nufa, ya yi maza ya katse. Ya ce, "Ba wannan ya tara mu ba. Malam Nasiru, yaga takardar nan." Malam ya yage ta gida huɗu. Alhaji ya ce, "Wanda ya yarda a sabunta kuɗin kwata yadda shike tun da, ba suna ba lamba, shi ɗaga hannu."

Hannun Mamman ne ya fara tashi. Sannan na Sani. Sannan na mai hatsin da ya juya mana baya, da na wanda ya ce a bar shi shi mutu. Kowa ya ɗaga, kuma kowa ni shike kallo. Ba a samu mutum ɗaya da ya ƙi ba, abin da ko zamanin lafiya ba a taɓa yi ba. Har yau ban san hannu nawa anka ɗaga don kwata ba, nawa kuma don kada Labbo shi ci gaba da magana. Anka shafa fatiha. Mai ɗanwake ta ci gaba da biyan daidai da mai kamyo, gyaran Malam Nasiru ya bi takarda.

Munka yashe kwata cikin kwana tara, ruwa ya zo ya wuce bai taɓa buhu ɗaya ba. Amma aikin ya canza. In na tunkaro layi sai in ga ana tura kwandon shara ƙarƙashin tebur. Wasu sunka koma ƙona kwalayensu bayan rumfa, wasu su ɗaure shara a buhu su ɗora a babur su kai gida. Mutumin da ke tsayar da ni mu yi gaisuwar minti biyar ya koma "Sannu Labbo" shina duban wani wuri. Sani bai ƙara sauke kaya a kasuwar ga ba.

Na Mamman ya fi muni. Masu tsaron gari sunka kira shi sunka yi mishi tambayoyi, sunka sallame shi, ba su kama shi da komi ba. Amma benci ya bushe. Wa za shi zauna a gan shi? Wasu sunka ce dangin matatai ne sunka gudo sunka cika mishi gida, burodi shike jiƙa wa ɗiyansu da ruwan shayi. Wasu sunka ce cikin abin da anka yanka wa garinsu har da burodi, shi anka ɗora wa saye, in bai aika ba 'yan'uwanai za su ji a jikinsu. Wasu sunka faɗi abin da ya fi wannan. Ni na je teburinai sau ɗaya, bayan kwana uku ina kewaye wurin. Na yi sallama ya amsa. Ya zuba mini shayi ya yanko burodi. Na sa hannu aljihu, ya miƙo hannu ya amsa, ya ba ni canji. Na shanye na tashi.

Bai kai wata biyu ba na ji an ce shina tasha da iyalinai. Na jefar da manjagara na tafi yadda nike, laka har gwiwa. Na iske an ɗaure tebur da benci bisa mota, tukunyar shayi na kan cinyatai. Mutane na tsaye nesa-nesa suna kallo.

Na ce, "Mamman, ka yafe mini. Wallahi wasa na yi nufi."

Ya ce, "Na sani." Sannan ya ce, "Shekara guda kana ƙirga ledata, Labbo, kana shan shayina kowace safiya. Da ka tambaye ni, da na gaya maka."

Na ce, "To gaya mini yanzu."

Ya dube ni, ya dubi mutanen da ke tsaye. Ya ce, "Kai?"

Direba ya tada mota. An ce Maraɗi ya nufa, an ce Shinkafi. Ban sake jin labarinai ba.

To kun ji inda albashinku ya fito. Ku tashi, mai jar hula ɗauki gora, sauran ku biyo ni da baro, daga bayan mahauta za mu fara. Bana wa'adi ya sake cika, sati mai zuwa za a zauna. Jiya Alhaji Isiya ya aiko in zo in yi wa mutane magana awa wancan karo, wai bakina ne ya ceci kuɗin kwata. Na ce wa ɗan aiken shi gaya mishi ranar ina cikin kwalbati.